Ruwan Kwatar da Ka Sa Na Ɗebo

Zuwa ga autana Mujahid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da malamanka na can Dakar. Allah ya tsare mini kai, ya ba ka abin da ka je nema. Mu nan Gazawa lafiya lau, sai ƙafar nan tawa da ba ta shiri da sanyin safiya. Yayarka Lauratu ta gama wanka ta koma ɗakinta a Sae Sabuwa, ta tafi da jaririyar da ke ɗebe mini kewa. Kawunka Labaran yana Gangara, sai ranar kasuwa nake hango hularsa. Gidan ya yi mini girma, Auta. In na yi tari, ni ke yi wa kaina sannu.

Maganar aikenka ce ta sa na rubuto. Tun da ka tafi ba ka taɓa neman komai daga gida ba, ko yaji ko ƙuli-ƙuli, sai ranar da ka kira ka ce in ɗebo maka ruwan kwatar bayan mahauta. Na ɗauka karatu ya taɓa maka kai. Ka yi mini bayani cewa a cikin ƙazamin ruwa akwai wasu halittu da kuke kira faj, sun fi ƙwayar cuta ƙanƙanta, ba ruwansu da mutum, ba ruwansu da ganye, abincinsu kawai ƙwayoyin da ke sa zawo da amai, kuma kowacce da irin wadda take ci. Ka ce in an tace su an raine su, ana fesa su a kan salak da tumatir, su yi aikin da nake sa ruwan jabel, maganin wanke ganyen nan, ya yi ba tare da warin nan ba. Ka ce na garinmu kake so, don su suka san cutar garinmu. Wannan maganar ta yi mini daɗi, sai na ɗauki kwalabe na tafi.

Kuskurena ɗaya, da rana tsaka na je, da tiren kwaɗon salak ɗina a ajiye a gefe, don daga can tasha na nufa. Maryama mai awara ta gan ni durƙushe ina cika kwalba. Kafin la'asar magana ta zaga tasha cewa Baturiya da ruwan kwata take yayyafa wa ganyenta don ya yi sheƙi, wasu kuma suka ce asirin jan kasuwa ne. Na yi rantsuwa, na faɗi abin da ka gaya mini. Da na ce akwai cuta mai cin cuta, wani direba dariya ya yi har da riƙe ciki.

Yanzu 'yan kabu-kabun da na san sunan uwar kowannensu daga nesa suke ɗaga mini hannu. Bencin nan nawa na tasha da ba ya rabo da mutane tun kana lakol, farkon shigarka boko, ni kaɗai ke zama a kai ina korar ƙuda. Da yamma in kwaso ganyen in zuba wa awaki. Ba cinikin ke damuna ba, Allah ya sani. Hirar bencin nan ita ce ta rage mini tun rasuwar babanku, ita ce kuma aka ɗauke.

Ka ce in ba direban Maraɗi kwalaben ya kai wa abokin malaminka. Ban bayar ba, kuma ba zan bayar ba. Suna cikin kula, kullum ina sake musu ƙanƙara, kai ma ka ce ba a son su daɗe. Mai ruwa, wato kai, sai ya zo ya ɗauki abinsa da kansa. Ka zo ka zauna a bencina, ka yi musu bayanin da bakinka na masu karatu, sannan ka sa hannu ka ci kwaɗona a gabansu.

Lauratu da mijinta Shamsu suna gaishe ka, haka kawunka Labaran da gwaggonka Naja'atu. Ka gaishe da abokin ɗakinka Abdussamad. Gobe ma zan yanka salak in fita da shi, ko da awaki ne za su ci.

Mahaifiyarka,
Baturiya