Ba Ganganci Ba Ne, Yaya

Zuwa ga Yayana Mani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa, ƙanwarka ce Hajara. Na san takarda ba ta isa inda kake. Na rubuta ne a fili don mutanen Kankiya su karanta, saboda abin da ake faɗa a kanka ya ishe ni, kai kuma ba ka nan balle ka kare kanka.

Wai ganganci ne ya kashe ka.

Kai, Yaya? Shekara shida kana tasowa daga ƙauyenmu Kaikai da bokiti da tsumma da tsofaffin jaridu, kana goge gilasan benen nan na bakin titi, ko guda ba ka taɓa fasawa ba. Ni da kunnena na sha jin ka ce, "Hajo, in ana iska ba ni hawa sama, ko wa ya aiko."

Ranar Talatar nan tun asuba ake marka. Malam Ado mai gyaran takalmi, wanda ke zama gindin benen, shi ya ba mu labari. Ya ce ka gama na ƙasa, ka zauna kusa da shi kana jiran ruwa ya ɗauke. Sai manajan gidan ya fito, ya ce manyan baƙi na tafe taro da azahar, a goge na sama ta waje. Ka nuna mashi hadarin da ya sake haɗowa daga gabas. Ya ce in ba ka hawa, ka aje bokitin, gobe akwai masu so.

Lokacin matarka Saratu na da cikin wata takwas. Ka hau.

Tsani a kan jiƙaƙƙen tayil, babu wanda aka sa ya riƙe maka. Iska ta taso.

Ka san abin da ya fi ci mani rai? Ba a ɗage taron ba. Ana saka ka a mota, ana shigar da kujeru. Kafin baƙin su iso feshin ruwa ya sake ɓata gilasan, kuma babu wanda ya ɗaga kai ya duba su.

Ranar sadakar uku manajan ya zo da babbar riga. Ya zauna ƙofar gidanmu ya shaida wa jama'a wai shi ya ce ka bari sai rana ta fito, ka ƙi ji. Baffa ya ce mu yi shiru, ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, Yaya. Ƙarya ce ban yarda da ita ba.

Makon jiya na shiga Kankiya sayen maganin Inna, ana yayyafi. Na tarar da wani dattijo ɗan ƙauyen Boko, wanda suka ɗauka a gurbinka, can sama kan tsani yana rawar sanyi. Ka san ni da kunyar taro, amma ban san sanda na yar da lema na rungume tsanin ba. Na yi ta kiran shi har ya sauko. Manajan ya leƙo yana tambayar ko ni wace ce. Na faɗa mashi sunanka sau biyu, a gaban kowa. Malam Ado ya aje allurar shi ya miƙe tsaye. Manajan ya koma ciki ya tura ƙofa.

Na ɗauki lemata na kama hanyar gida.

Saratu ta sauka lafiya, mace. Goshinka ne sak, har da yadda kake tamke fuska in ana damun ka. Geron da ka shuka ya yi kai, matasan unguwa sun yi maka gayya. Inna ba ta cika magana ba yanzu, sai dai in hadari ya taso ta ce a rufe mata ƙofa.

Allah ya jiƙan ka, ya sa wahalar da ka sha ta zama kaffara, ya raya ɗiyarka cikin rufin asiri. Wanda ya yi maka ƙarya kuwa, Allah ya ba shi ikon faɗin gaskiya tun yana da numfashi.

Ƙanwarka da ba ta daina kewarka ba,
Hajara