Ruwa Yana Cin Gefenmu na Maƙabarta

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Kwamitin Zumunta na garinmu da ke tsakanin Gaya da Ajingi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce Hajara, 'yar marigayi Malam Barka ladan, na Unguwar Rinji.

Na halarci taron sulhun da kuka kira bayan Sallah. An yi jawabai masu daɗi, an sha lemo, an ce duk uwa ɗaya uba ɗaya muke. Da na ɗaga hannu, kuka ce a bar tone-tone. To, ranka ya daɗe, ga shi a rubuce.

Na farko, kakar kakata ba cin kasuwa ya kawo ta garin nan ba. Tun kafin zuwan Turawa aka kamo ta, da igiya a wuya, aka ajiye ta a rinji, ƙauyen bayin gona, tana noma wa gidanku dawa. Ba ku kuka kamo ta ba, ni ma ba diyya na zo nema ba. Amma a taron kun kira mu "'yan'uwa da suka zo daga baya". Tarihi na karanta a jami'a, ban taɓa ganin an yi wa igiya ado haka ba.

Na biyu shi ne ainihin kukana. Maƙabartarmu ɗaya ce, amma al'ada ta ce kowa a gefen kakanninsa. Naku gefen yana kan tudu. Namu yana kwari, bakin kududdufi, inda aka fara binne bayi. Daminar bara ruwa ya zaftare kabarin mahaifina, mutumin da ya yi ta kiran ku salla har muryarsa ta dushe. Yayana ne ya shiga laka har gwiwa yana tsintar ƙasusuwansa a zane. Kwamiti ya aiko mana da jaje. Mun gode.

Yanzu mahaifiyata tana kwance, ciwo ya yi nisa. Ba ta tambayata magani. Tambayata take ko hadari ya fara haɗuwa.

Roƙona biyu ne. A sake zama, a bar tsofaffinmu su faɗi yadda aka yi da bakinsu, ku kuma ku jure ji. Sannan a soke gefe-gefen nan kafin ruwan farko, domin ita ba za ta jira wani taron ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka cika da imani, ya ba ka makwanci busasshe. Mu ma shi kaɗai muke nema.

Wassalam.