Tebur ga Danuta, Kujeru ga Witold

Ni Ludwik, mahaifinku, na rubuta wannan a gidana na Lublin, hankalina garau. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, kaina kuwa lafiyarsa lau. Kada wani ya ce tsufa ne ya riƙe mini alƙalami.

Na ɗaya. Littattafaina na kimiyyar siyasa a raba wa ɗalibaina. Cikin ku ukun babu wanda ya taɓa buɗe ko ɗaya, kuma ban ga laifinku ba, ni ma wasunsu sun sa ni gyangyaɗi.

Na biyu. Celina, autata, lambobin yabon da na tara ina jakada naki ne, yaranki su yi wasa da su. Ki riƙa leƙa maƙwabciyata Wanda, wadda ba ta fasa kawo mini miyar kabeji ba tun rasuwar mahaifiyarku.

Na uku, shi ne ya hana ni sakat. Danuta da Witold, tun zaɓen da ya wuce ko gaisawa ba ku yi. Danuta, kin ce ƙanenki ya sayar da ƙasa. Witold, ka ce yayarka tana son mayar da mu baya. A jajibirin Kirsimetin bara, da aka zo karya siririyar wainar da muke yafe wa juna da ita, kowannenku ya kau da kai. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

A aikina ban taɓa zaunar da abokan gaba suna fuskantar juna ba. Gefe da gefe nake ajiye su, gishiri a hannun wannan, burodi a hannun wancan. Akwai wani wakili da ya rantse ba zai tanka wa takwaransa ba. Miya na isowa salam, sai ga shi yana cewa, "Ranka ya daɗe, ɗan miƙo gishirin nan mana." Daga nan sulhu ya kankama.

Saboda haka babban teburin cin abincinmu na Danuta ne. Kujerunsa kaf na Witold ne, har da wadda muke bari ba kowa saboda baƙon da bai yi sallama ba. Ban yarda a sayar ba, ban yarda a sayo wasu ba. A gidan wa za a haɗa su ranar jajibiri, ku biyu za ku sasanta. Celina ce za ta zaunar da ku, kafaɗa da kafaɗa, gishiri a hannun wannan, burodi a hannun wancan.

Taurin kaina kuka gado, na sani. Amma na san 'ya'yana, ba mai son cin kifin Kirsimeti a tsaye, shi ya sa zan tafi raina a kwance.

Allah ya yi muku albarka, ya raya mini jikokina. Ku riƙe gidan nan, kada ya watse a hannunku. Wanda ya fara ɗaga waya ya kira ɗan'uwansa bai faɗi ba, shi ne ya gaji aikina.