Ciwon Hanjin Sa'adatu

Zuwa ga Yaya Haladu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya zaman Kumasi?

Bayan haka, gudawar jinin matata Sa'adatu ta dawo, karo na huɗu tun bazara. Jiƙo da sassaƙe duk sun gaza, sai na kai ta asibiti a Katsina. Likita ya auna bayan gidanta sau uku, ya ce ba atini ba ne, hanjin ne ke kumbura yana gyambo.

Na ce, "Zai warke?"

Ya ce, "Yana lafawa, yana tashi. Sai lallaɓawa."

Yaya, na kasa zama wuri ɗaya, ko gero ban girbe ba. Don Allah ka tambayar mana likitocin can. A sa mu a addu'a. Ka gai da yara.

Ƙanenka Sule, Tamawa