Wa Zai Kafa Turken Farko a Bakin Tsamiya?

Gashuwa,
20 ga Satumba, 2002.

Zuwa ga ɗana Abdussalam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen da kuke aiki tare a can Kwatano. Allah Ya tsare ka a tudu, Ya kuma tsare ka a kan ruwan nan da ban taɓa gani ba, amin. Mu a nan sai godiya. Ni lafiyata ƙalau in ban da gwiwar nan da ka sani. Yayarka Karima ta yi kwana shida tana fama da zazzaɓi a Nguru, amma ta miƙe, har ta koma ɗinkinta. Ƙanwarka Gaji da mijinta suna lafiya a Dagona, shinkafarsu ta yi kyau bana. Baffanka Babakura lafiya har ta yi masa yawa. Babanku ne dai babu daɗi. Yanar ta rufe idon dama gaba ɗaya, na hagu kuma mutum yake gani kamar inuwa. Likita ya ce sai bayan ƙaramar salla za a yi masa aiki, kuma ya hana shi shiga ruwa bana.

Takardarka ta iso ta hannun Alhaji Sabitu, ranar da ya dawo daga saro atamfa. Ni na karanta ta da kaina, ban kai wa kowa ba, ko da yake sai da na yi mata kwana biyu, domin rubutunka ƙanana ne, ba irin na allon ajinmu na yaƙi da jahilci ba. Daga nan na karanta wa babanku. Da na zo inda ka ce aikinka shi ne ka tsaya a saman jirgi ka hango wa baƙi kifi, ya yi murmushi, ya ce ai ido gado ka yi. Sai ya tambaye ni, to idan an hango kifin sai a yi yaya? Na ce ka rubuta cewa sai a matsa kusa a kalla. Ya ce idan an gama kallon fa? Na ce sai a koma gida. Sau uku yana sa ni in maimaita wurin nan, yana cewa ko na tsallake layi ne.

Washegari ban ankara ba ya lalubo birginsa, ragar nan da ya fi shekara ashirin yana jefawa, ya sa aka raka shi har shagon Alhaji Sabitu, wai a kai maka. Ya ce tabbas mai jirgin nan talaka ne, ya sayi inji kuɗin raga ya gagare shi, kai kuma kunya ta hana ka faɗa. Alhaji ya yi dariya har da hawaye. Ya ce masa kifin da ake magana ya fi tirela tsawo, kuma ran da ka jefa raga a gaban baƙin nan, ran nan za a sallame ka. Babanku ya naɗe birginsa ya dawo gida. Tun daga ranar ba ya kiran sunanka, sai dai ya ce ko an ji labarin ɗan kallo. Masu bandar kifi a bakin gada ma sun ɗauka. In na wuce sai su ce, Ya Fanna, yau kwando nawa ɗanki ya kalla? Ni kuwa in ce musu ya kalli abin da kakanninsu ba su taɓa gani ba.

Amma ni ma ina da tambayoyi, kuma ina so ka amsa mini su ɗaya bayan ɗaya, kada ka ce sai ka dawo. Ka ce uwar tana tafe da ɗanta a gefe, tana ba shi nono. To kifi ne ko dabba? Ko dangin ayu ne? Liman ya ce irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa ne, alaihis salam, ni kuwa tun da na ji haka ban ƙara samun natsuwa ba. Yana da ɓawo a jiki irin na karfasa, ko santsi ne da shi kamar tarwaɗa? Hayaƙin da ka ce yana fesowa ta ka, wanda da shi kake gane inda yake, mai zafi ne? Kuma yaya kake sanin inda za ka duba? A nan kowa ya san kifi yana bin gindin kacalla da inuwar bishiya, can kuwa ka ce babu ciyawa, babu itace, ruwa ne kawai har inda ido ya ƙare. Ina kuke gane alƙibla? Ruwan gishirin nan yana yin alwala, ko guzurin ruwa kuke tafiya da shi? Su kuma baƙin da ka ce rabinsu amai suke yi tun daga fita har dawowa, amma su sauka suna godiya, me suke gaya wa mutanensu in sun koma gida?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ka ce in kun kusato su sai direban jirgi ya kashe inji, kowa ya yi shiru, jirgi yana ta lilo. Abdussalam, a ruwan da gora ba ta taɓa ƙasa? Kai da ka tashi a ruwan da in mutum ya faɗa sai ya miƙe tsaye ya riƙe hularsa? In injin ya ƙi tashi fa, da me za ku tura? Rigar nan mai hana nutsewa da ka ce ana ba baƙi, kai ma kana sawa, ko kana jin kunya saboda kai ɗan masunta ne? Ka sa ta. Babu wanda ya san ubanka a can balle ya yi maka gori.

Bari in gaya maka abin da na yi, kada ka yi mini dariya. Da tambayoyin suka ishe ni, na hau mota na tafi Dagona, na ce wa babanku shinkafar Gaji zan dubo. Na nemi Hamma, abokin aikinka na da, wanda kuke tura baƙi masu ƙirgar tsuntsaye tare kafin Baturiyar nan ta samo maka aikin Kwatano. Na ce ya nuna mini yadda ake wannan kallon. Ya ce baƙi ba su fara zuwa ba tukuna, amma ya ara mini madubin hangen nesansa, ya nuna mini inda ake murzawa. Gaji ce ta tura ni a jirgi. Yarinyar nan in ta sa gora a ruwa ko ɗigo ba ka ji. Ta kai ni bayan wata ciyawa ta tsayar da jirgi, ta yi mini alama in yi shiru. Da na kafa madubin sai ga dinya kamar in miƙa hannu in taɓa ta. Dinyar da na fige ta fi a ƙirga, ashe ban taɓa sanin tana da ja a fuska haka ba, ban kuma san tana tsayawa ta gyara gashinta ɗaya bayan ɗaya kamar mai shirin biki ba. Agwagin nan kirinjijiya kuma ashe in suna kiwo akwai waɗanda ba sa sunkuyawa, gadi suke yi wa saura. Ina nan ina kallo har Gaji ta taɓa ni ta ce, Inna, azahar fa tana wucewa. Shekara hamsin ina tsallaka ruwan nan, kullum da kaya a ka ko sauri a ƙafa. Ban ce na gane aikinka duka ba, amma na daina cewa Baturiya ta yaudare ka.

To yanzu ga abin da ya sa na zauna kwana uku ina wannan rubutu da hannuna, ban je wurin mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ba, don kada maganar ta riga takardar fita gari. Maganar Bakin Tsamiya ce, mashigar da babanku yake kafa shingen kifi tun daga kakanku. Ruwa ya kusa fara janyewa. Ka san al'adar wurin: turken farko mai wuri ne yake kafa shi da hannunsa, ko ɗan cikinsa. In ranar ta zo babu wanda ya tsaya, Sarkin Ruwa ya miƙa wa wanda ya shirya a cikin dangi, kuma abin da aka miƙa ba ya dawowa. Baffanka Babakura ya riga ya kai gaisuwa sau biyu, da 'ya'yansa uku a bayansa. Ba na ganin laifinsa, shi ma bakuna gare shi da zai ciyar. Da ya zo duba babanku ya ce masa, cikin wasa irin nasu, wanda ya tafi kallon kifi ai ya bar wa masu ci. Babanku ya yi dariya, amma ranar bai taɓa tuwonsa ba.

Kai kuma ka rubuta cewa manyan kifayen za su wuce nan da wata biyu, amma maigidanku yana so ka zauna har bazara, ku riƙa kai baƙi kallon kunkurun teku da tsuntsayen bakin gaɓa, har ya fara koya maka riƙe sitiyari. Wannan wurin ban karanta wa babanku ba. Na tsallake shi, Allah Ya yafe mini.

Na je wurin Sarkin Ruwa ni kaɗai. Na tambaye shi ko 'ya mace tana kafa turke. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce a zamanin kakarsa an taɓa yi, kuma shi ya ga tuƙin Gaji, ya san ta fi maza da yawa, har da wani yayanta da ba zai ambata ba. Amma ya ce ba a tsallake ɗa namiji yana raye, sai in shi ya sallama da rubutun hannunsa. Ya kuma ja mini kunne cewa ba ajiya ba ce. In Gaji ta kafa turken, wurin ya zama nata da 'ya'yanta, ba za ka dawo baɗi ka ce a ba ka ba. Na tambayi Gaji, ta ce in ka ba ta za ta riƙe, amma ba za ta roƙe ka ba. Mijinta bai ƙi ba.

Saboda haka hanya uku ce a gabanka. Ko ka dawo ka kafa da kanka, ka bar sitiyarin. Ko ka sallama wa ƙanwarka, wuri ya zauna a ɗakinmu amma ya fita daga hannunka har abada. Ko ka yi shiru, baffanka ya ɗauka. Da can da na ce maka ka dawo kawai, in haɗa ka da nonon da ka sha. Yanzu ba zan iya ba, tun da na ga yadda ka cika shafi biyu a kan uwar kifi da ɗanta, kai da ba ka taɓa rubuta mini abin da ya wuce layi biyar ba. Ina son ka kusa da ni, wannan ba ɓoyayye ba ne, kuma kullum aka yi iska sai gabana ya faɗi. Amma kai za ka zaɓa. Shirun ne kawai ban yarda da shi ba.

Karima tana gaishe ka, ta ce ka aiko mata da hoton kifin in ana samu. Gaji da mijinta suna gaisuwa, haka Hamma, haka Liman. Ka gaishe mini da maigidanku da direban jirgi, ka ce wata tsohuwa a Gashuwa ta ce ya riƙa duba injinsa kafin ya kashe.

Sarkin Ruwa zai zauna ran sha biyar ga Sha'aban. Alhaji Sabitu zai baro Kwatano da ganin wata, don haka ka kai masa amsa kafin ya taso, ta iso mini kafin goma ga wata. In sallamawa za ka yi, ka rubuta ta a takarda dabam da ajami, domin Sarkin Ruwa ba ya karanta boko, kuma ba na so a ce ni na ƙara ko na rage. In zuwa za ka yi, ka faɗi rana. Babanku bai san na je wurin Sarkin Ruwa ba, bai kuma ce in kira ka ba. Amma shekaranjiya ya sa an saro masa reshen kanya, ya zauna a zaure yana lalube da wuƙa har ya fiƙe shi, ya jingine shi a bayan ƙofa. Na tambaye shi na wane ne, ya ce in bar shi a nan, mai shi zai zo ya ɗauka.

Ka taimake ni da abin da zan gaya masa.

Wassalam. Ni ce mahaifiyarka,
Ya Fanna.