Nasiru Ya Sayi Kayan Kwamfuta Kamar Mai Sayen Sa

Zuwa ga ɗana Habibu, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Yaya aiki, yaya Hauwa da yara? Mu nan lafiya lau, gero ya yi kyau, sai gwiwar nan tawa da ba ka taɓa tambaya. Malam Sani ke rubuta min, na hana shi gyara ko kalma ɗaya.

Ka aiko a tura maka ɗanka Nasiru, wai ba abin da zai koya a wurina tunda ban yi boko ba. To saurara. Ranar Asabar na raka shi Kano sayen kayan kwamfutar wasan nan da suke kira gem, ashe ɗaya-ɗaya ake zaɓa a haɗa. Mai shago ya turo masa akwati mai fitilu kala-kala, ko kallo bai yi ba. Ya ɗauki babbar fanka saboda zafin ɗakinmu. Da aka zo kan katin da ke fitar da hoto, na hannu ne, ya ce a jona ya yi ta aiki tukuna.

Mai shago ya ce, "Kai malam, sa kake saye?"

Ya ce, "Haka kakana yake yi a kasuwar shanu ta Ɗambatta. Ba ya kallon ƙaho, sai an zagaya da sa ya ji numfashinsa."

Kafin la'asar katin ya yi zafi ya ɗauke. Dole aka sauya masa wani.

Habibu, ban san gem ba, amma wannan ciniki koyarwata ce. Nasiru yana nan wurina, ba inda za shi.

Ka gaida Hauwa, ku sa mu a addu'a. In za ka ba da amsa, ka fara da gwiwata.

Mahaifinka,
Audu