Ƙofar Tirelar Baba

San Felipe, watan Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Otilia,

Gaisuwa mai tarin yawa daga bakin teku, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da yara da jikoki a can Fresno. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwar nan, ya ji ƙan mijinki Anselmo, ya ƙara miki haƙurin rashinsa. Mu nan lafiya lau. Matata Chayo tana nan da bakinta, kifi ya yi araha, ni kuma tsufa na bi na a hankali, ban dai tsaya masa ba.

Kin tuna na ce ki dawo gida, tunda yara na wuni wurin aiki, ke kina hira da talabijin? Kika ce ba za ki zauna ƙarƙashin matar wa ba, ko da waliyiya ce. Na ce to ga tirelar Baba a bayan gida, ɗaki mai taya, ƙofarki daban, murhunki daban. Kika ce ba ki tsufa don ki ƙare a gwangwanin kifi ba. Gaskiyarki ce a lokacin, don iskar gishiri ta cinye wa tirelar fuska, ta yi furfura kamar tukunyar da aka manta a toka. To, yanzu sai ki nemi wani uzurin.

Tun da zafi ya sauka nake kanta. Maƙwabcinmu Don Fermín ya zo da soson ƙarfe na wanke tukwane, wai ya san alminiyam tun yana gyaran kwalekwale. Kafin in juya ya kankare mini gefe guda kamar kyanwoyi sun yi faɗa a wurin. Na ce masa ya je ya goge haƙoransa da shi, in akwai saura. Abin ba ya son ƙarfi, lallashi yake so. Ki shafa man gogewa faɗin tafin hannu, ki murza da tsumma har ya yi baƙi ƙirin, ki share, sai ki ga haske ya leƙo. Kuma ba abin da ke kwashe baƙin nan daga gindin ƙusoshi kamar garin masara. Ranar da Chayo ta gano inda garin tortiyarta, wainar masararmu, ke tafiya, ta ce wato tsohon banza, mutanen gida su kwana da yunwa gwangwani ya ƙoshi? Amma jiya na kama ta tana gyara gashi a jikin tirelar. Labulen da ke taga ma ita ta ɗinka, shuɗi, irin wanda kike so, ta ce kada in gaya miki. Ga shi ban gaya miki ba.

Tun da gefen gabas ya zama madubi, zakaranmu ya sami abokin gaba a ciki, kullum da safe sai sun yi dambe, har yau ba wanda ya ci. Ni ma na leƙa, sai ga Baba yana harara ta da ƙaton hanci, don ƙarfen a lanƙwashe yake.

Ƙofar ce kaɗai ban taɓa ba. Can ƙasa, daidai tsayinki na lokacin, sunanki na nan da kika zana da ƙusa, ranar da Baba ya bi ki da takalmi har bakin ruwa. In na goge, sunan ya tafi. In na bari, ƙofa ta zauna da furfurarta. Wannan hukuncin na mai ɗaki ne, ba nawa ba. Ranar tunawa da matattu ta kusa, kuma a cikin tirelar za mu jera wa Baba furanni da kyandir bana. Na bar wa hoton Anselmo wuri kusa da nasa. Kada ki aiko da shi, ki kawo shi da kanki.

Ki gaishe mini da yaranki, Casilda da mijinta, da Hilario, da jikarki ƙaramar nan Noemí mai satar alewa. Chayo na gaishe ki, ta ce gadon tirelar ya fi nata laushi. Tsumma na nan rataye a hannun ƙofa.

Ni ne yayanki,
Eusebio